Muhammadu Alkashinawi: Bakatsinen da Ya Bi Taurari Har Misira

Duk wanda mota ta taɓa sauke shi a Kwanar Dangora da daddare, yana jiran wadda za ta ƙarasa da shi Tudun Wada ko Doguwa, ya san irin samaniyar da ake gani a wannan yanki. Da zarar an bar fitilun masu shayi da masu tsire a baya, aka nausa hanyar dajin Falgore, sai taurari su cika sama dam, kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Ga Kaza da 'Ya'yanta a dunƙule, ga Zara matar wata tana ƙyalli ita kaɗai.

A hutun da ya wuce, a wannan hanya, wani ƙanena ɗan firamare ya leƙa ta tagar mota ya tambaye ni ko akwai masu rai a can sama, suna kallon mu yadda muke kallon su. Na rasa abin ce masa. Da muka dawo makaranta na kawo zancen a ɗakinmu, sai ɗaki ya rabu biyu. Wasu suka ce maganar taurari ai bokanci ce, a bar ta kawai. Wasu kuma suka ce harkar Turawa ce da kuɗinsu, mu da muke fama da kuɗin rajista ina ruwanmu. Wannan musu ne ya sa na ga ya kamata mu san wani malami ɗan ƙasar nan da ya rasu tun 1741, domin rayuwarsa tana da amsa ga ɓangarorin biyu.

Asalinsa da karatunsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani ne daga ƙasar Katsina. A littattafan Larabci ana rubuta shi Alfulani Alkashinawi, wato Bafulatanin Katsina, ana kuma danganta shi da wani gari mai suna Ɗan Ranko. Ya taso a lokacin da Katsina take tashe a kasuwanci da ilmi. Ayarin raƙuma na shigowa daga hamada da gishiri da takarda da littattafai, kuma ba a daɗe da rasuwar manyan waliyan garin ba, irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tun kafin a haife shi. A nan Kano kuwa zamanin Sarki Sharefa ne da ɗansa Kumbari, shekaru da dama kafin jihadin Shehu Usmanu.

Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya zo ne ta hannun Abdurrahman Aljabarti, shahararren marubucin tarihin Misira, wanda ya sa shi cikin jerin manyan malaman da suka rasu a Alƙahira. Aljabarti ya ambaci malamansa na gida guda huɗu: Muhammadu Alwali na Bagarmi, da Muhammadu Bindu, da Malam Hashimu, da Muhammadu Fodu.

A wajen Malam Fodu ya fara samun buɗi. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Ya haddace Muƙama har malamin yana yi masa laƙabi da ita. Da ya ƙware a nahawu sai laƙabin ya koma Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun Larabci. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya san malaman da ba su cika yabon almajiri a gabansa ba, don haka wannan suna ba a banza ya same shi ba.

A wajen Malam Bindu ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi da tauhidin Sanusi, ya saurari Buhari, ya karanta kaso mai yawa na Muhtasar. A nan ne kuma ya shiga fannin da ya sa duniya ta san shi: hisabi, da ilmin sanin lokuta, da ilmin haruffa da hatimai.

Kada mu raina ilmin sanin lokuta. A zamanin da babu agogon hannu balle waya, da inuwa ake gane azahar da la'asar, da tauraro ake gane alƙibla da kusantowar asuba. Manomi ma da shi yake aiki. An kasa shekara gida 28, kowane gida da tauraronsa, kowanne kwana 13, sai guda ɗaya mai kwana 14, jimla 365. Har gobe akwai dattawa a ƙauyukan Kiru da Bebeji da za su gaya maka an shiga Nasara ko Ɗarfa ko Jabha, su faɗa maka abin da ya dace a yi a gona. Irin wannan lissafi ne Alkashinawi ya koya tun daga tushe.

Hanyar Makka

Da ya ga ya ɗebi abin da zai iya a gida, sai ya nemi izinin malaminsa ya tafi aikin hajji. Tafiya ce ta ƙafa da jaki da raƙumi, wadda takan ci shekaru, kuma da yawa ba sa dawowa. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakuna da malamai. A wani zango ya tsaya wata biyar cur a wajen wani malami yana ɗaukar ilmin asirai da na bugun ƙasa. Ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa.

Ya yi hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, wato wajen 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa, Addurrul Manzum, kan ɗalasimai da taurari. Ya kammala shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146. Yana da wani littafin, Bahjatul Afaƙ, kan haruffa da hatimai, wanda ya rubuta a wajen 1732. Ya tsara manɗiƙi a waƙe cikin Minahul Ƙuddus, ya yi masa sharhi mai girma da kansa, ya kuma rubuta littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

Ku duba abin da kyau. Mutumin da ya yi karatunsa a zaurukan ƙasar Hausa da Barno ne ya je birnin Azhar, cibiyar ilmin duniyar Musulmi, aka zauna a gabansa ana ɗaukar karatu.

Hatimi a idon mai lissafi

Da an ce hatimi, yawancinmu laya muke tunawa. To amma a cire batun laya tukuna, a kalli abin da ke cikin gidajen. Zana murabba'i mai gida tara. A layin sama rubuta 4, 9, 2. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 8, 1, 6. Tara kowane layi a kwance, 15 za ka samu. A tsaye, 15. A karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 ɗin dai. Idan ka juya shi ko ka kifa shi za ka sami fuska takwas, duk abu ɗaya ne.

Mai gida tara wasan yara ne. Gwada mai layi biyar, inda za ka jera 1 zuwa 25 kowane layi ya ba da 65. Ko mai layi bakwai da zai ba da 175, ko mai tara da zai ba da 369. In ka ce da gwaji da kuskure za ka yi, semista za ta ƙare ba ka gama ba. Abin da Alkashinawi ya yi shi ne ya shimfiɗa ƙa'idojin cika hatimi mai layuka mara, wato uku, biyar, bakwai, har sama: inda za ka ajiye lamba ta farko, yadda za ka yi tsalle zuwa ta gaba, da abin da za ka yi idan ka tarar an riga an cika gidan. 'Yan sashen kwamfuta, wannan shi ne algoridim ɗin da kuke rubutawa a aji, babu ragi babu ƙari. Ya kuma gargaɗi almajiransa kada su karaya su watsar idan lissafi ya ƙi fita, domin fannin na mai naci ne.

Wannan ɓangare na aikinsa shi ya ja hankalin masana na baya-bayan nan. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kansa a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta kawo shi cikin littafinta kan lissafin Afirka a 1973. Akwai kwafin rubutunsa na hannu a ɗakin karatu na makarantar SOAS a Landan.

Samaniyar da ya sani

Ina alaƙar hatimi da taurari? A tsohon ilmi, kowane hatimi an ba shi tauraronsa: mai layi uku na Zuhalu, mai huɗu na Mushtari, a haka har mai tara na wata. Samaniyar wancan ilmi tana da matafiya bakwai kacal: wata, Uɗaridu, Zuhura, rana, Marriku, Mushtari da Zuhalu. Ƙasa tana tsakiya a zaune, su suna kewaya ta, kowanne a falakinsa, sauran taurari kuma suna kafe a rufin da ke bayansu.

Gaskiya ɗaya ce, kuma sai an faɗe ta. Addurrul Manzum ya ƙunshi abubuwa da yawa na neman tasirin taurari a kan al'amuran mutane: sa'a mai kyau da mara kyau, ɗalasimai, da makamantansu. Malamai sun daɗe da raba ilmin taurari kashi biyu. Akwai na lura da tafiyarsu don sanin lokaci da alƙibla da yanayin shekara, wanda ba a yi saɓani kan halaccinsa ba. Akwai na da'awar sanin gaibu ko juya ƙaddara da su, wanda malaman shari'a suka hana. Kimiyya ma ta gwada kashi na biyun ba ta sami komai a ciki ba. Saboda haka abokan ɗakina masu cewa bokanci suna da hujja a kan rabin maganar. Kuskurensu shi ne zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi.

Akwai wani zare kuma mai ban sha'awa. Alkashinawi ya gina littafin nasa ne a kan Assirrul Maktum, wanda ake jingina wa Fahruddin Arrazi, mai Tafsirul Kabir, da ya rasu a 1210. Shi wannan Arrazi, a tafsirinsa na Fatiha, ya tsaya a kan kalmar da muke fassarawa da talikai, wadda ta zo a jam'i. Ya kafa hujja cewa ikon Allah bai taƙaita ga wannan duniya ɗaya ba, Yana da ikon halittar dubban dubban duniyoyi a bayanta, kuma dalilan masu falsafa da suka ce dole duniya ɗaya ce raunana ne. Ashe tambayar ƙanena ta girmi madubin hangen nesa da shekara ɗari huɗu, kuma a cikin littafin tafsiri aka yi ta.

A Turai kuwa, a daidai zamanin Alkashinawi, hoton samaniya ya riga ya sauya. Galileo ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari tun 1610. A 1698 aka buga littafin Christiaan Huygens na ƙasar Holan, wanda ya yi hasashen cewa sauran taurari ranaku ne masu nasu duniyoyin da mazaunansu. Newton ya rasu a 1727, shekara uku kafin hajjin malaminmu. Bambancin da ke tsakaninsu da shi kayan aiki ne da injin buga littafi da ƙungiyoyin masana masu duba aikin juna. Basira kam kowa Allah Ya ba shi tasa.

Gidan Jabarti

A Alƙahira ya fara zama a Darbul Atrak, kusa da Azhar. Daga baya ya koma gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin nan. Hasan babban malamin fiƙihu ne, kuma gwani a ilmin falaki da handasa, mai tara kayan awon sama da ƙera agogon inuwa. Duk da haka ya durƙusa ya koyi ilmin hatimai a wajen baƙon nasa Bakatsine.

A wannan gida Alkashinawi ya rasu a 1154 bayan Hijira, daidai da 1741. Ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Ulama, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Bai sake ganin Katsina ba. Ɗan mai masaukin, wanda aka haifa shekara goma sha wani abu bayan rasuwar, shi ya adana mana labarinsa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Daga bakwai zuwa dubbai

Shekara 40 bayan rasuwarsa, a 1781, William Herschel ya gano Uranus, lissafin matafiya bakwai ya rushe. Amma ganin duniya a gefen wani tauraro daban sai da ya jira ƙarshen ƙarni na 20. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na ƙasar Suwizalan suka gano wata ƙatuwar duniya tana kewaya tauraron 51 Pegasi, mai kama da ranarmu, sau ɗaya a cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2019. A 2022 adadin irin waɗannan duniyoyi da aka tabbatar ya haura 5,000.

Abin da zai burge ɗan foli shi ne kusan dukkansu ba a gan su da ido ba, lissafi ne ya tono su. Hanya ta farko: idan babba ya riƙe hannun yaro yana juya shi, shi ma babban yakan ɗan yi tangaɗi. Haka tauraro yake yi idan duniya na kewaya shi, kuma tangaɗin yana bayyana a launin haskensa. Mushtari yana sa ranarmu tangaɗi na kimanin mita 12 a daƙiƙa, ƙasarmu kuwa santimita 9 kacal. Hanya ta biyu: idan duniya ta gifta ta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan ragu, kamar ƙwaro ya gifta gaban fitilar mota daga nesa. Mai girman Mushtari tana rage kashi ɗaya cikin ɗari, mai girman ƙasarmu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma ba. Na'urar Kepler da aka harba a 2009 ta zuba wa taurari kimanin 150,000 ido shekara da shekaru tana jiran wannan ɗan dusashewa, ta gano duniyoyi sama da 2,600.

To akwai rai a cikinsu? Abin da masana ke fara nema shi ne ruwa mai gudana. Ka tuna jin ɗumi da hunturu: wanda ya matsa kusa da wuta ya ƙone, wanda ya yi nisa sanyi ya kama shi, akwai tsaka-tsakin da ake jin daɗi. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, yana da duniya a irin wannan tsaka-tsaki, an gano ta a 2016. A 2017 aka sanar da duniyoyi bakwai masu girma kusan na ƙasarmu a gefen tauraron TRAPPIST-1, uku daga ciki a wurin da ruwa zai iya zama. Na'urar James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 tana tace hasken da ya ratso iskar irin waɗannan duniyoyi don gano abin da ke cikinta. A 2023 ta ga iskar metan da ta kabon a wata mai suna K2-18b, kuma masana suna ta muhawara kan ko akwai alamar rai a ciki.

Har yanzu ba a tabbatar da rai a ko'ina ba sai a nan. Zama a wuri mai kyau ma bai isa ba. Zara ɗin nan da muke gani da magariba girmanta kusan ɗaya da ƙasarmu, amma zafin doronta ya haura digiri 450, yana narka dalma. Zuwa can kuma ba yau ba. Haske, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, yana shafe sama da shekara huɗu kafin ya iso daga Proxima. Kumbon Voyager 1 da irin gudunsa sai ya yi fiye da shekara 70,000.

Abin da ya rage mana

A 2019 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe damar raɗa wa wani tauraro da duniyarsa suna. Nijeriya ta sami tauraron HD 43197, duniyar da ke kewaya shi kuma aka sa mata Equiano, sunan marubucin nan da aka sayar bawa a ƙarni na 18. Muna da hukumar sararin samaniya tun 1999, da cibiyar binciken taurari a Nsukka. Ƙofar a buɗe take, mu ne ba mu cika leƙawa ba.

Masu cewa harkar Turawa ce su tuna cewa tun kafin Turawa su ci Kano da shekaru masu yawa, wani ɗan ƙasar nan ya koyar da manyan malaman Misira lissafi. Masu cewa ba mu da kuɗi su sani bayanan Kepler suna nan a intanet kyauta, kuma akwai duniyoyin da 'yan sa-kai suka gano daga ɗakunansu. Abin da ake buƙata shi ne lissafin da muke gudu a aji, da ɗan iya rubuta manhaja, da naci. Firojet na ƙarshen shekara zai iya zama na'urar auna hasken tauraro maimakon kwafo na 'yan bara. Duhun da muke kuka da shi tsakanin Tiga da Riruwai kuwa, masu kallon sama a manyan birane tafiya suke yi mai nisa su neme shi.

Alkashinawi ya yi kuskure a wasu abubuwa, kamar yadda na kusa da shi da na nesa suka yi a zamaninsa. Amma ya bar garinsu saboda ilmi, ya rubuta abin da ya sani dalla-dalla yadda na baya zai iya bi ya gwada, har ya gano inda aka kauce. Ni dai in Allah Ya kai mu hutu mai zuwa, zan zaunar da ƙanena a tsakar gida, in zana masa hatimi mai gida tara a ƙasa ya cika da kansa. Sannan in nuna masa Zara, in gaya masa ba a sami amsar tambayarsa ba tukuna, ana nan ana nema, kuma babu abin da ya hana shi shiga cikin masu neman.